Zango A Kano: Yinin Mai Jiran Jirgin Sama

Akwai wani malamin makaranta, mutumin Unguwar Ya, can wajen Birnin Kudu da Gwaram a kudancin Jihar Jigawa, wanda tafiya ta kama shi zuwa Alƙahira don ya dubo ƙanensa da ke karatu. Jirginsa ba zai tashi daga Kano ba sai ƙarfe 11 na dare, amma da ya ke motar da ya samu ta sammako ce, yana idar da sallar asuba ya kama hanya. Tsakanin Birnin Kudu da Kano mil 80 ne ko kusa da haka. Ya ƙetare gadar Wudil da hantsi, ƙarfe 10 na safe ta yi masa a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Watau awa 13 ke gabansa. Sai ya nemi kujera, ya sa jakarsa tsakanin ƙafafunsa, ya zauna.

Bai daɗe da zama ba sai ga wani dattijo ya yi masa sallama. Ashe Bahaushen Kumasi ne, daga ƙasar Gana, ya sauko daga jirgin safe na Ikko, shi ma jirgin dare ya ke jira. Da suka gaisa ya ce, "Malam, kai da ka ke ɗan ƙasa, ta ina a ke bi zuwa Dala? Kakana bafataken goro ne, daga gindin dutsen nan ya tashi, har ya rasu bai daina ba mu labarinsa ba."

Malamin ya yi shiru. Kano dai ya shige ta ya fi a ƙirga, amma daga wannan tasha zuwa waccan, ko daga ofis zuwa asibiti. Dala kuwa daga nesa ya ke hango ta ta tagar mota. Ya ce, "Wallahi, Alhaji, ban taɓa hawa ba." Dattijo ya ce to su tafi tare. Malam ya ce a'a, yana tsoron kada jirgi ya bar shi.

Bayan magariba dattijon ya komo, ƙafafunsa buɗu-buɗu da ƙura, ga rinannen zane a hammata, ga labari a baki: ya ga marina, ya ratsa Kurmi, ya yi azahar a babban masallaci, ya hau Dala ya hango gari. Malam kuwa abin da ya gani a yinin nan shi ne agogon bango da masu shara. Shi ya ba ni labarin nan da bakinsa, ya ce bai taɓa jin kunya irin ta ran nan ba, domin shekara da shekaru yana koya wa yara tarihin Kano, ga shi baƙo daga wata ƙasa ya san ta da ido cikin yini guda, shi kuwa a takarda kaɗai ya san ta.

To, abin da ya sami malamin nan yana samun jama'a da yawa, malamai da akawuna da 'yan kasuwa da masu zuwa Umra. Shi ya sa na ga ya kamata mu duba al'amarin nan na zaman jiran jirgi: yaushe ne ya dace mutum ya fita ya ga gari, yaushe ne fitar ta zama ganganci, kuma in ya fita ina zai dosa.

Yadda Kano Ta Zama Zangon Jiragen Sama

Kalmar zango tsohuwa ce a bakin Hausawa. Fataken da ke zuwa Gwanja neman goro, da ayarin raƙuman da ke ƙetare hamada zuwa Tarabulus, da alhazan da ke tafiya Makka a ƙasa, duk tafiyarsu zango-zango ce. In madugu ya ce a sauka, sai a sauke kaya, a shayar da dabbobi, a shiga gari a ci kasuwa, a gai da malamai, a ji abin da duniya ke ciki. Saboda haka bafatake ya kan komo gida da sanin ko wane gari da ya ratsa. Unguwannin Hausawa na Kumasi da Ankara har yau Zango a ke ce musu.

Da jirgin sama ya zo, shi ma sai ya zaɓi Kano ta zama zangonsa. Ran 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jiragen soja 3 na Ingila suka sauka a filin sukuwa na Kano. Daga Helwan, kusa da Alƙahira, suka taso, shugaban tafiyar kuwa wani hafsa ne mai suna Arthur Coningham. Cikin 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu da mutane tsakanin Hartum da Kano, ta kan El Fasher da Fort Lamy, wadda yanzu a ke kira Njamena, da Maiduguri. Wanda ya san hanyar alhazan dā zai gane ta nan take, domin ita ce jirgin ya bi ta sama. Tafiyar da ta kan ci wa mai ƙafa watanni, wani ma shekaru, ta komo ta 'yan kwanaki.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tun daga 1940, Turawa suka riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi, a harhaɗa su can, sa'an nan a tuƙo su ta Ikko da Kano da Maiduguri zuwa Hartum da Masar. Dubban jirage suka bi hanyar nan, aka kuwa faɗaɗa filin Kano saboda su. Da aka ƙare yaƙi, sai kamfanonin jigilar mutane suka gaji filin. BOAC na Ingila ya kan taso daga Landan ya biyo ta Tarabulus da Kano zuwa Ikko. Sabena na Baljiyam ya kan sauka kan hanyarsa ta zuwa Leopoldville a Kwango, watau Kinshasa ta yanzu. KLM na Holan ya fara sauka cikin 1947 kan hanyar Afirka ta Kudu, bai daina zuwa Kano ba sai 2012.

Dalilin wannan kuwa a fili ya ke. Jiragen wancan zamani masu farfela ne, ba su iya ɗaukar man da zai kai su daga Turai zuwa kudancin Afirka a tashi ɗaya. In sun ƙetare Sahara lalle ne su sauka su sha mai, a duba inji, matuƙa su huta, Kano kuwa ita ce babban gari na farko bayan hamada. Cikin 1957 aka buɗe sabon ginin saukar baƙi. Wani abin da matafiyan zamanin ba su manta ba shi ne mai kakaki bisa raƙumi, wanda ya kan busa in jirgi ya kusa sauka, don masu wucewa da masu kiwo su kauce daga titin jirgi. Hotonsa ya zaga duniya.

Jirgin da ya sauka shan mai ya kan yi awa guda ko biyu, amma in inji ya sami matsala, ko hazo ya rufe gari, sai mutane su yini, har su kwana. Nan ne baƙi suka riƙa shiga mota a kai su cikin birni. Su ga dalar gyada da aka jera kusa da hanyar jirgin ƙasa, su tsaya bakin marina, su sayi jakunkuna da takalma a Kurmi, waɗansu a ba su izini su hau hasumiyar masallaci su ɗauki hoton gari. Mutane da yawa a Turai ba su san kome ba game da ƙasar Hausa sai abin da suka gani cikin 'yan awoyin nan, amma abin ya zauna musu har tsufa.

Daga shekarun 1960 manyan jiragen jet suka fara yawa, masu iya wuce Kano ta sama ba su sauka ba, sai zangon ya yi ta raguwa. Dalar gyada ma ta ɓace. Amma birnin da baƙin nan suka riƙa zuwa gani yana nan, tsakaninsa da filin jirgi kuwa bai wuce 'yan mil kaɗan ba. Yau mu ne masu zaman jira a filin nan, mu ne kuma muka fi kowa ƙin leƙa garin.

Lissafin Awoyi

Tsoron da malamin Unguwar Ya ya ji ba wauta ba ce. Wanda jirgi ya bari ya yi hasarar kuɗi mai yawa, wani lokaci ma har da abin da ya fita nema, ko jarrabawa ce, ko ganin likita, ko ranar fara aiki. Maganin tsoron nan shi ne lissafi, kuma ba ya gagarar wanda ya saba da alli da allo, ko da littafin kuɗi.

Da fari mutum ya bambance jira iri biyu. Akwai jiran da ke rubuce cikin tikiti, watau an san jirgi ba zai tashi ba sai ƙarfe kaza. Akwai kuma jiran jinkiri, inda a ke cewa jirgi ya makara, a dakata. Na farkon shi ne mai ba da damar fita. Na biyun kuwa ba a yin nisa da shi, domin jirgin da aka ce sai la'asar yana iya sauka da azahar, a kira mutane, a rufe ƙofa.

In jiran na tikiti ne, sai a ɗauki awoyin a yi ta ragewa. Jirgin ƙasashen waje yana so mutum ya kasance a fili awa 3 kafin tashi, na cikin gida kuwa awa 2. A cire wannan. A cire awa guda ta zuwa gari, da awa guda ta komowa, ko da direba ya rantse cewa rabin awa ta isa, gama cunkoson Kano ba shi da alkawari. Sa'an nan a ƙara cire awa guda, a ajiye ta don abin da ba a zata ba, kamar fashewar taya ko rufe hanya. Abin da ya saura shi ne rabon gari. Malaminmu yana da awa 13. In ya cire 6, saura 7, sun isa ya zaga birni a tsanake har ya yi ƙailula. Mai awa 10 yana da 4. Wanda jiransa bai wuce awa 6 ba, ya haƙura ya zauna.

Bayan lissafi sai kaya. Fasfo da tikiti da kuɗi ba su rabuwa da jiki, kuma ba a aljihun baya ba. Babban akwati, in ma'aikatan jirgi sun yarda su auna shi da wuri, madalla; in ba su yarda ba, a kai shi gidan ɗan'uwa ko masauki amintacce, kada a bar wa wanda aka sadu da shi yanzu-yanzu. Haka kuma kada a karɓi saƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba, kome daɗin bakin mai shi, domin mutane da yawa sun shiga ɗaurin ƙasashen waje ta wannan hanya. A yi ciniki da mai tasi ko mai a-daidaita-sahu tun kafin a shiga, a karɓi lambar wayarsa, a yanka masa wuri da lokacin komowa. Ran Jumma'a kuwa a tuna hanyoyin da ke kewaye da babban masallaci su kan cushe tun kafin azahar.

Daga Ƙofar Mata Zuwa Dala

Mai awa 4 ko 5 a hannu ba shi da bukatar yawo barkatai, domin wuraren da suka fi cancanta a gani suna jere kusa da juna. Daga filin jirgi mota za ta biyo ta gefen Sabon Gari da Fagge, ta sauke shi a Ƙofar Mata. Kafin ya shiga, ya dubi abin da ya rage na ganuwa. Tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Gijimasu, jikan Bagauda, shi ya fara gina ta wajen ƙarni na 12, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta. Yau ruwan sama da masu ɗibar ƙasa da masu gine-gine sun cinye mafi yawanta, amma sunayen ƙofofi suna nan: Nassarawa, Ɗan Agundi, Na'isa, Kabuga, Mazugal, Wambai da sauransu.

Nan bakin ƙofar marina ta ke, wadda a ke lissafin kafuwarta daga 1498. Ramummuka ne masu zurfi, a kan zuba musu ruwa da toka da baba, a bar su kwanaki har su nuna. Marini ya kan tsoma zane ya ɗaga, ya sake tsomawa ya ɗaga, abin mamaki kuwa shi ne zanen ya kan fito da ɗan kore-kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe ya koma shuɗi. Yawan tsomawa shi ke kawo duhun launi. Malamin da ke koyar da kimiyya ya sami darasi a nan kyauta. Kusa da wurin akwai mabuga, inda a ke dukan zane da guduma ta itace bisa gungume har ya yi sheƙi. Irin wannan baƙin zane mai ƙyalli shi Abzinawa ke naɗawa tun zamanin ayari. Ramummuka da yawa yanzu sun bushe, masu sana'ar sun ragu saboda rinin kanti, don haka wanda ya sayi ko ƙyalle ɗaya ya taimaki sana'ar da ta haura shekara 500. Rabin awa ta isa a nan.

Daga marina hanya ta miƙe zuwa babban masallacin Jumma'a, mai koren tulluwa da hasumiya biyu. Ginin da a ke gani yanzu an yi shi ne zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. Jikinsa Gidan Rumfa ya ke, watau fadar Kano, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa. Rumfa ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, a zamaninsa ne Shehu Maghili ya zo Kano ya rubuta masa littafi kan yadda a ke riƙon ƙasa. Baƙo ba ya kutsa kai fada sai da izini, amma ganin ƙofofinta da dogarai daga waje ma abin kallo ne.

In aka zagaya ta Ƙofar Kudu sai Gidan Makama, wanda aka mai da gidan adana kayan tarihi. An ce Rumfa ya zauna cikinsa kafin ya gina fada. Wanda bai taɓa ganin daurin guga na gaske ba, ya ɗaga kai a soron farko ya ga yadda magina suka tanƙwara azara da ƙasa suka rufe ɗaki mai faɗi ba ginshiƙi a tsakiya. Ciki akwai ƙyamaren tsofaffin ƙofofin gari, da sulke da lifidi, da takubba da masu, da hotunan Kano tun daga zuwan Turawa cikin 1903. Awa guda a nan ba ta yi yawa ba, malami kuwa ya tafi da littafin rubutu.

Sai Kurmi, kasuwar da Rumfa ya kafa a bakin Jakara. Lunguna ne ƙunci-ƙunci, ko wace sana'a da layinta: dukawa da jakunkuna da takalma da titimi, masu kayan doki da sirdi da linzami, 'yan koli da duwatsun wuya, masu turare, masu littattafai, masu ƙwarya da tasoshi. Wani Bature matafiyi, Clapperton, ya shiga kasuwar nan cikin 1824, ya rubuta cewa in mutum ya sayi riga ya kai ta har Barno ya tarar da aibu, a kan komo da ita, domin sunan dillali yana rubuce cikin ƙunshin, dole kuwa ya nemo mai ita a mai da kuɗi. Wannan ya nuna irin tsarin da kakanninmu ke da shi tun ba a san rasit ba. Baƙo a Kurmi ya riƙa tambaya, gama matambayi ba ya ɓata, kuma ya yi ciniki da fara'a.

Ƙarshen zagayen shi ne Dala. An yi mata matakala, mai ƙarfi ya kan hau cikin 'yan mintoci, dattijo ya huta sau biyu ko uku. A nan labarin Kano ya faro, da maƙeran da suka zauna gindin dutsen saboda tama, da Barbushe, da zuwan Bagauda wanda tarihi ya sa a shekara ta 999. Dokta Barth, Bajamushen nan da ya kira kansa Abdulkarim, ya hau ta cikin 1851 ya zana hoton gari daga bisa. Mai hawa yau zai ga Goron Dutse daga yamma, ya ga hasumiyoyin masallaci da rufin Kurmi a ƙasa, ya ga gari ya malala ya wuce ganuwa ta ko wane gefe har iyakar ganinsa. In ya juya arewa maso gabas zai hango jirage suna tashi daga inda ya baro. Nan ne zai dubi agogo ya sauko.

Wanda ya ke da sauran lokaci, musamman malamin makaranta, ya biya ta Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa. Nan Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko ta farko ta gwamnati a Arewa cikin 1909. Duk mai riƙe da alli a ƙasar nan, ko mai zama bayan tebur yana rubutun boko, sana'arsa tana da tushe a unguwar nan.

In Zangon A Ƙasar Waje Ne

Yau mai zuwa Makka ko Indiya ko Sin sau da yawa ya kan sauya jirgi a Alƙahira, ko Addis Ababa, ko Doha, ko Istambul, jiran kuwa ya kan kai rabin yini. Lissafin da muka yi a baya yana nan daram, sai dai an ƙara masa abu biyu.

Na ɗaya, izinin shiga ƙasa. Ɗakin jiran jirgi kamar tsibiri ne, wanda ke cikinsa bai shiga ƙasar ba tukuna. Fita gari sai da biza, ko wace ƙasa kuwa da sharaɗinta bisa ga fasfon da mutum ke riƙe da shi, kuma sharuɗɗan su kan canja. Don haka a tambayi ofishin jirgi ko na jakadan ƙasar tun a gida, kafin a sayi tikiti. Waɗansu ƙasashe su da kansu ke kwaɗaita wa matafiya fita. Kamfanin Turkish Airlines yana da shirin zagaya da masu jiran awa 6 zuwa 24 cikin Istambul kyauta. Saudiyya kuma cikin 2023 ta fito da bizar zango ta awa 96 ga masu bin jiragenta, wadda a ke iya yin Umra da ita. Layin duba fasfo, fita da komowa, shi ma yana cin lokaci, sai a ƙara masa awa guda cikin lissafi.

Na biyu, agogo. Addis Ababa da Jidda da Doha da Istambul duk suna gaban Nijeriya da awa 2. Lokacin da ke rubuce cikin tikiti na garin da jirgi zai tashi ne, saboda haka da an sauka a gyara agogo. A Habasha ma akwai wani tarko: mutanen gari daga fitowar rana su ke fara ƙirga awoyi, abin da mu ke kira ƙarfe 7 na safe su ƙarfe 1 su ke ce masa. Wanda ya yi alkawari da direba bai tantance wane agogo a ke nufi ba, yana iya makara da awa 6.

Nisan gari kuma ya bambanta. Filin Bole na Addis Ababa a bakin gari ya ke, amma garin bisa tsauni ne, da sanyi, a tafi da rigar ɗumi. Sabon filin Istambul, wanda jirage suka koma cikin 2019, yana da nisa ƙwarai da tsohon birni inda Aya Sofiya ta ke. A Alƙahira, masallacin Azhar, wanda aka gina tun ƙarni na 10, da kasuwar Khan Halili da ke gefensa, sun fi kusa da filin jirgi. Dalar Fir'auna kuwa tana Giza, can ƙetaren Nilu, sai an ratsa gari duka. Mai awoyi kaɗan ya zaɓi wuri ɗaya ya gan shi sosai, ya fi ya yi ta tsere tsakanin wurare biyar yana duban agogo.

Ribar Fita

Wani zai ce, to, mene ne ribar wannan wahala, ga kashe kuɗin mota? Amsa ita ce, mutanen dā sun ce tafiya mabuɗin ilmi, amma ba su faɗi haka don zaman kujera ba. Ɗakunan jiran jirgi na duniya duk kamarsu ɗaya, wanda ya ga na Kano ya ga na Doha, sai dai bambancin girma da fitilu. Abin da ke buɗe ilmi yana waje, cikin kasuwa da masallaci da bakin marina. Malamin da ya ga zane ya rikiɗe a hannun marini, ko ya tsaya inda Barth ya tsaya, darasinsa ba zai zama ɗaya da na wanda ya haddace daga littafi ba, yara kuwa su kan gane bambancin tun kafin ya rufe baki. Akawun da ya ga yadda wani gari ke tsara kasuwarsa da kwashe shararsa ya kan komo ofis da shawara. Gani ya kori ji.

Malamin Unguwar Ya dai ya je Alƙahira ya komo lafiya. Jirginsa ya sauke shi Kano da safe, motar Birnin Kudu kuwa ba ta ƙarewa a tasha sai yamma. Ya kai akwatinsa shagon wani ɗan garinsu, ya bi sawun dattijon Kumasi tun daga Ƙofar Mata har ƙwanƙolin Dala. Ya ce yana can bisa sai ya tuna da Dutsen Habude da Dutsen Mesa na Birnin Kudu, inda mutanen dā suka zana shanu a jikin dutse, wurin da masana ke tasowa daga ƙasashe masu nisa don su gani, shi kuwa ga shi a ƙofar gida bai taɓa kai ɗalibansa ba. Da aka koma makaranta ya nemi izinin hedimasta, ya yi hayar mota, ya kwashi 'yan ajinsa ya kai su.

Saboda haka, jama'a, duk wanda tafiya ta ba shi dogon zango, a Kano ne ko a wani gari, ya ɗauki takarda ya yi lissafinsa. In awoyi ba su kai ba, ya zauna, ba laifi. In kuwa sun kai, ya adana fasfonsa, ya gyara agogonsa, ya fita ya ga gari, ya komo kan lokaci.